Telan da Ya Roƙi a Buɗe Masa Ciki

Ku gyara zama. Wanda ke riƙe da shayi ya ajiye gefe, don in ya ƙware ba ruwana.

A wani layi mai shaguna a jere, tsakanin shagon mai faci da na mai aski, an yi wani tela. Ɗinkinsa ba laifi in ya natsu, sai dai bai cika natsuwa ba, don bakinsa ya fi kekensa gudu. Babban abin tinƙahonsa shi ne ba ya awo. Tef ɗinsa na rataye a ƙusa har gizo-gizo ya yi gida a kai. In ka ce ya auna ka, sai ya dube ka sama da ƙasa ya ce, "Tef ai na 'yan koyo ne. Ni idona ya gama da kai tun kana bakin ƙofa." Sannan ya ɗaga almakashi ya yi ƙyas-ƙyas a iska.

Matar Tela tana da yaya, tsohon direban babbar mota da ya ajiye tuƙi, amma har yanzu kowa Direba yake ce masa. Shekarun baya an cire masa matsarmama, wato 'yar jakar ɗacin nan da ke maƙale a ƙarƙashin hanta, a lokacin da sai an buɗe ciki. Aikin ya bar masa tabo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, doguwar tsaga da ta fi tafin hannu. Kullum da la'asar yana kan bencin ƙofar shagon Tela, kuma ko zancen ƙwallo ake yi sai ya san yadda ya karkato da shi ya ɗaga riga.

"Sati shida ina kwance," in ji shi. "Ko tari zan yi sai na rungumi filo."

Mai Faci da Mai Aski su girgiza kai kamar yau suka fara ji. Tela kuwa yana ciki yana taka keke da ƙarfi, haushi na cinsa. A ƙofar shagonsa, a kan bencinsa, wani ke da bakin magana. Haka muke mu maza, in ba mu da abin nunawa, ko ciwo ne sai mu yi kishinsa.

Wata rana Direba ya zo da ƙunshi a hammata. Shuɗin yadi ne mai sheƙi, 'yarsa ce ta kawo masa. Ƙarshen wata za ta gama makarantar koyon jinya, kuma ta roƙe shi ya sa shi ranar da za a yaye su.

"Doguwar riga nake so," in ji Direba. "Ɗauko tef ka auna ni."

"Haba Yaya! Ni zan auna ka? Na san awonka tun ranar da na auri ƙanwarka."

"Shekara ashirin fa ke nan."

"Ido ba ya mantuwa."

Nan take, a gaban jama'a, ya shimfiɗa yadin a tebur ya ratsa shi da almakashi ba ko ɗigon alli. Da ya gama ɗinki bayan kwana biyu, ya ɗaga rigar yana yaba kansa, sai ga Direba ya ɓullo daga ƙarshen layi, tumbinsa na gaba yana biye. Tela ya dubi riga, ya dubi tumbi, ya sake duban riga. Lallai ido bai manta ba. Rigar daidai take da Direban shekara ashirin da suka wuce, siririn nan kamar sandar tuta. Kafin mutumin ya iso, ya cusa ta a jaka har da ragowar ƙyallayen, da yamma ya kai gida ya tura ƙarƙashin katifa.

Kullum Direba ya tambaya, sai ya ce, "Aikin ƙwararru ba a yi masa gaggawa, Yaya."

Ana nan, ran nan da rana bayan ya ci nama mai kitse, ciwo ya turnuƙe shi a gefen dama har ya faɗo daga kujerar keke. Aka kai shi asibiti, aka yi hoton ciki. Likitar wata mace ce mai sanyin magana. Ta zaunar da shi da matarsa ta ce duwatsu ne suka taru a matsarmama, kuma cire ta za a yi.

"Hanya biyu ce," in ji ta. "Ta farko, mu yi 'yan ƙananan huji huɗu, mu hura iska a cikin don mu sami wurin aiki, mu zura 'yar kyamara da kayan aiki, mu fito da ita. Yawanci washegari mutum yana gida, sati ɗaya zuwa biyu ya koma aiki marar nauyi. Ta biyu, mu buɗe ciki. Wannan za ka yi kwanaki a nan, warkewa kuma sai wajen sati shida."

Tela bai ji komai ba sai zancen sati shidan nan. Ya lissafa a ransa: kafin ya tashi an yi bikin yaye an watse. Wa zai tsaya a kan mutumin da aka tsaga wa ciki ya ce ina rigata? Ga kuma tabo, wanda zai sa Direba ya sauke rigarsa har abada.

"Likita," ya ce, "ni da ke aikinmu ɗaya, yanka da ɗinki. Ki buɗe."

"Malam, ba na ganin dalili. Na huji ya fi sauƙin ciwo, ya fi saurin warkewa."

"Wa ya taɓa ɗinka aljihu ta ramin maɓalli? Aikin da ba a gani da ido ai ha'inci ne. Ki buɗe sosai, kada ki ji tausayina."

Matarsa ta zungure shi. "Maigida, kai da ko allura ta soke ka sai unguwa ta ji?"

Likita ta danne dariya ta ce, "Da huji za mu fara. In mun tarar da abin da ya hana, kamar kumburi mai yawa ko wurin ya manne, to dole mu buɗe. Amma ba ma fata."

"Ni ina fata," in ji Tela.

Kafin ranar aiki, babu wanda bai ji a layin ba. Tela ya tsaya a ƙofar shago yana nunawa da almakashi. "Daga nan har nan. Na Yaya ai tsagar aljihu ce. Likita da kanta ta ce ba ta taɓa ganin ciki irin nawa ba."

Mai Faci ya ce, "Ni fa na ji yanzu iska suke hura wa mutum kamar taya, su yi masa faci ya tafi."

"Wannan na masu tsoro ne."

Ranar aiki, da nas ta yaye masa riga don ta goge wurin, sai ta tsaya cak. Tun daga ƙirji har kusan ƙugu an ja layi da allin tela, har da 'yan ɗigo-ɗigo a gefe.

"Baba, mene ne wannan?"

"Na sauƙaƙa wa Likita ne. Ta bi layin, ɗigon kuma nan za ta bar na ɗinki."

Mutumin da bai taɓa sa wa yadin kowa alli ba, ga shi ya sa wa cikinsa. Nas ta sa auduga ta share tas, tana cewa, "Allah ya ba ka lafiya, Baba."

Da ya farfaɗo, abin da ya fara yi shi ne laluba ciki. Ya shafa dama, ya shafa hagu. 'Yan filasta huɗu ya ji, kowace ba ta kai akwatin ashana ba. Kafaɗarsa ta dama kuwa sai ciwo take.

"An cuce ni!" ya ce. "Na kawo ciki, sun yi mini aiki a kafaɗa!"

"Iskar da aka hura ce, Baba, za ta wuce," in ji nas. "An jima ma za ka tashi ka taka."

"In taka? Yau? Ku kira mini Likita ta zo ta ƙarasa aikinta!"

Likita ta zo ta ce aiki ya yi kyau ƙwarai. Tela bai taɓa jin labari mai daɗi da ya ɓata masa rai kamar wannan ba. Washegari aka sallame shi.

A hanya ya kama hannun matarsa. "Don girman Allah kada Yaya ya ji huji aka yi mini. Na riga na cika baki."

Ita ba ta san zancen riga ba, ta ɗauka kunyar cika bakin ce kawai. Ta ce, "Ni ba zan yi ƙarya ba, amma zan iya yin shiru in sha kallo."

Suna isa gida ta ce za ta kakkaɓe ɗaki ta juya katifa kafin 'yan dubiya su fara zuwa. Tela ya tuna da abin da ke ƙarƙashin katifar. Tana fita ɗauko tsintsiya, ya zaro rigar Direba da ƙyallayenta, ya rasa inda zai kai su. Nan dabara ta zo masa, irin dabarar da ke zuwa wa mutum don ta ƙarasa shi. Ya naɗe rigar a cikinsa zagaye-zagaye, ya cusa ƙyallayen, ya ɗaure da tsohon farin zanen gado, ya saki rigar barci a kai. Ga maɓoya, ga kuma shaidar babban aiki.

Matar ta dawo ta gan shi kamar an hura tulu. "Wannan fa?"

"Tsummokara ne. Ki bar ni da shirina."

Bayan azahar 'yan dubiya suka cika ɗaki, Direba a gaba.

"Af! Har an sallame ka? Ni sai da na kwana biyar a asibiti."

"Gado ne ya yi ƙaranci, Yaya," in ji Tela da muryar mai shirin wasiyya. "Likita ta ce jarumi irina ya ƙarasa a gida."

Mai Aski ya ce, "Ɗinki nawa?"

"Sun gaji da ƙirgawa."

"A gani mana."

"An hana. Iska ba ta so."

Direba ya zagaya gadon yana duban tulin cikin da idon wanda ya san hanya. "Nawa bai kumbura haka ba. Wannan aiki ya fi ƙarfin ƙanwata. Ni na san ciwon nan, ni zan yi jinyarka da kaina. Zancen riga kuma ka manta da shi, lafiya ta fi."

Tela ya lumshe ido don daɗi. Bai san abin da ya saya ba.

Tun daga ranar, Direba yake zuwa da hantsi da kujerarsa, ba ya tafiya sai magariba. Ya kafa dokokin da aka yi masa shekarun baya, ya ƙara da nasa. Ba tashi. Ba dariya. Ba fanka, kada sanyi ya shiga ɗinki. Abinci kuwa ruwan romo da aka tsame naman, naman kuma Direba ke cinyewa a gabansa, wai kada a yi asara. In Tela ya yi tari, sai ya danna masa filo a ciki ya ce, "Riƙe! Haka na yi."

Ciwon huji ya lafa tun kwana na uku. Yunwa ce ba ta lafa ba. Ran nan Direba ya fita alwala, Tela ya yi wuf ya faɗa kicin, ya buɗe tukunya ya cika baki da shinkafa. Yana juyowa suka yi ido huɗu da Mai Faci da ya shigo da lemo a leda.

"Ikon Allah! Kai ne a tsaye?"

Tela ya kama bango, kumatu cike, ya yi magana ta hanci. "Zafin ciwo ne ke ɗaga ni. Ban san na taso ba."

"Har ya buɗe maka tukunya?"

"Ciwon ba shi da kunya."

Mai Faci ya rungumo shi ya mai da shi gado, ya ba Direba labari. Direba ya ce lallai zazzaɓi ya fara taɓa ƙwaƙwalwa, ya sa aka ƙara bargo.

To, ga zafin gari, ga bargo, ga yadi ninki-ninki a ciki, ga ba fanka. Tela ya yi ta zuba gumi kamar an matse soso. Sabon shuɗin yadi kuwa, da ya sha gumi, sai ya fara zuba. A hankali launin ya ratsa zanen gado, ya ratsa rigar barci. Ranar da abin ya fito fili, ɗaki cike yake da maƙwabta. Mai Aski ne ya fara gani.

"Direba, dubi cikin mutumin nan!"

Direba ya yaye bargo, ya ga shuɗi-shuɗi har da baƙi-baƙi ya mamaye gefen dama. Ya dafe kai. "Inna lillahi! Ɗinki ya ruɓe!"

"Bai ruɓe ba, Yaya, haka irin nawa yake yi."

"Rufe mini baki! Nawa ja ya yi, bai yi shuɗi ba. A nemo mota!"

Kafin ka ce me, an ciccibe shi da katifar gaba ɗaya. Ƙofar ɗaki ta ƙi katifa, aka karkata ta, Tela ya zame, Mai Faci ya cafke shi ta ƙafa. Tela na ihu yana cewa, "Na warke! Wallahi na ji sauƙi!" Mai Aski na cewa, "Haka suke faɗa in abin ya zo." Matarsa na biye tana cewa a tsaya a ji, amma wa ke sauraren mace ana ceton rai? Ita kanta shuɗin ya fara ba ta tsoro. Aka dire shi a ƙofar gida, da yake gidan a layin shagunan yake, layi ya cika maƙil, masu shaguna duk sun bar shagunansu.

Ana jiran mota sai ga 'yar Direba ta dawo daga makaranta da farar rigarta, ta biyo ta gaida mijin gwaggonta. Ta kutsa cikin taron ta durƙusa. Ta taɓa goshinsa, ta kama hannunsa, ta sunkuya ta shinshina shuɗin.

"Kawu, wa ya yi maka wannan ɗauri?"

"Likita. Ta ce kada kowa ya taɓa."

"Da zanen gadon Gwaggo?"

"Bandejinsu ne ya ƙare."

"Ku tayar mini da shi tsaye. In akwai abin da ya lalace, gara a gani yanzu."

Aka tsayar da shi. Ta kwance ƙullin, ta miƙa wa Mai Faci bakin zanen ta ce ya ja a hankali. Mai Faci ya ja, Tela ya juya. Ya ja, ya juya, kamar ana warware zare daga kwarkwaro. Zane ya ƙare, shuɗin yadi ya biyo. Ƙyalle ya faɗo, wani ya faɗo. Sai ga hannun riga ya leƙo yana lilo.

Mai Aski ya ce, "Jama'a, likitocin yanzu har hannu suke sa wa bandeji?"

Sai ga wuya, da aikin zare a gefensa. Sai ga aljihu. Da juyi na ƙarshe, Tela ya tsaya a tsakiyar layi, jiri na ɗibarsa, ciki a waje ya rine shuɗi, da 'yan filasta huɗu a manne kamar tambarin wasiƙa.

Direba ya sunkuya yana neman tsagar, har ya leƙa ta baya.

"Ina aikin?"

"Ga shi nan, Baba," in ji 'yar. "Na huji ne, kuma ya warke sumul. Amma wannan ba yadin da na kawo maka ba ne?"

Direba ya karɓi rigar, ya ɗaga ta, ya kara a jikinsa. Ta rufe tsakiyar tumbin, ta bar dama da hagu suna kallon jama'a.

Wanda ya fara fashewa da dariya Mai Faci ne, har ya zauna a ƙasa. Layi ya ɗauka. Matar Tela ta riƙe ƙugu ta ce, "Au, shirin ke nan? Ni ina ta tausayin mai kunya, ashe ɓarawon riga nake jinya!"

Direba bai yi dariya ba. "Kwana da kwanaki ina zaune ina yi maka fifita da baki. Na bar harkokina."

"Ka dai ci nama, Yaya," in ji Tela a hankali.

"Kai, rufe baki! Ranar yarinyar nan saura kwana kaɗan. Me zan sa?"

Tela ya dubi 'yar, ya ga tana shafa yadin, idonta ya kawo ruwa. Nan cika bakin ya tsiyaye masa. Ya tsince ƙyallayen ɗaya bayan ɗaya daga ƙasa, ya kakkaɓe, ya ce, "'Yata, mai huji yaushe aka ce zai iya taka keke?"

"In ba ka ɗaga abu mai nauyi ba, Kawu, ko jibi."

"To a wanke yadin nan. Wani kuma ya shiga shago ya sauko mini da tef. A yi hankali da gizo-gizon, ya daɗe a wurin, ya fi ni haƙƙi."

A nan tsakiyar layi, da shuɗin cikinsa a waje, ya zagaya tumbin Direba da tef. Da ya ga inda lambar ta tsaya sai ya ce, "Yaya, wannan ba laifin idona ba ne kaɗai." A nan ne Direba ya kasa daurewa, ya yi dariya har da riƙe tsohon tabonsa.

Tela ya farke rigar ta gefe biyu, daga hammata har ƙasa, ya shigar da ƙyallayen, ya bi ɗinkin da zare mai kyau har ya zama kamar ado. Ranar yaye Direba ya sa ta, ta zauna masa ɗas, 'yarsa ta yi hoto da shi tana murmushi. Sai dai duk wanda ya yaba, Direba sai ya ɗaga hannu ya nuna doguwar tsagar gefen ya ce, "A gidan nan dai an buɗe wa wani ciki, amma rigata ce."

Shi kuwa Tela, tun daga ranar sunansa ya koma Huji Huɗu, kuma yana amsawa. Kada ku ɗauka ya daina cika baki. In kun bi ta layin da la'asar za ku same shi a ƙofar shago, tef a wuya, ya ɗaga riga yana nuna wa baƙo wasu 'yan ɗigo da sai an matso ake gani.

"Ka ga wannan? Aikin ƙwararru ke nan. Ni na ba Likita shawara."

Daga kan benci Direba ya ce, "Faɗa masa launin da ka yi."

"Shuɗi, Yaya," in ji Huji Huɗu, yana sauke riga. "Sati biyu ina wanka bai fita ba."

Nan na tsaya. Mai shayi ya ɗauki shayinsa, in bai huce ba.